Giwar da Aka Hana Mutuwa

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, ba zan kama sunansa ba, don har yanzu yana raye kuma abin da ke kansa ya ishe shi. Sana'arsa fim ɗin katun, irin zanen nan mai motsi da 'ya'yanku ke zama gabansa har ku yi ta kira ba su ji. Ma'aikatansa Darakta suke ce masa, shi kuma ko kaɗan bai ƙi jinin sunan ba.

Amma Darakta bai iya zana ko ƙwai ba. Baki gare shi, da iya shiga ofis. Mai zanen ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, mutum shiru-shiru mai kaurin tabarau. Aikin nan kuwa ba wasa ba ne. Kafin dabba ta ɗaga kai sau ɗaya, sai an zana ta an sake zanawa, kowane zane ya ɗan gota na baya. Haka ƙanen yake wuni a wani ɗaki mai labule a sake, hancinsa kamar zai taɓa gilashin kwamfuta.

Suka yi fim a kan namun daji. Mutane sun shigo da zarto da bindiga, suna kayar da itatuwa suna neman haure. Dabbobi suka rasa mafita sai tsallake kogi, ga ƙanana ba sa sauri. Sai wata tsohuwar giwa ta fito fili da gangan, ta ja mafarautan nesa, ta tsaya musu har sauran suka haye. A nan ta faɗi. Yara suka yi kuka, iyaye ma suka riƙa share ido a fakaice.

Fim ya karɓu. Masu jakar makaranta suka zo suna son hoton giwa, masu riguna suka zo, gidan talabijin ya ce yana son ci gaba duk mako. Darakta ya koma ofis yana murna, sai ya tuna giwar ta mutu.

Ya leƙa ɗakin zane ya ce, "Tashe ta za ka yi. Mu ce suma ta yi."

Ƙanen ya cire tabarau ya murza ido. "Yaya, in ta tashi, to me ta bayar ke nan?"

"Kai dai zana. Wa ka taɓa gani ya sayi jaka da mushe a jiki?"

Aka tashi giwa. Wadda ta ba da ranta jiya, yau ga ta tana rawa tana tallan sabulu. Aiki ya ninka. Aka ba Darakta shawara ya ɗauki wasu masu zane su rage wa ƙanensa, ya ƙi. Tsoro yake kada wani ya koyi hannun giwar ya gudu da ita, kuma ba ya son abin da zai shigo ya rabu kashi-kashi.

Ana haka ƙanen ya fara ciwon kai, yana ganin zobe kewaye da fitila. Likita ya duba ya ce hawan jinin ido ne, a yi aiki da wuri, ya kuma huta makonni, domin abin da ciwon ya ci ba ya dawowa. Darakta ne ya kai shi, da kunnensa ya ji. A mota ya ce, "Bari mu gama wannan zangon na shirin, ni da kaina zan kai ka wajen wanda ya fi shi." Ƙanen ya dubi titi ya ce to. Ya san da aikin nan ake riƙe mahaifiyarsu, da shi ma'aikata ke cin abinci.

Zango ya ƙare, wani ya shigo. Kun san zangon mai haɗama ba ya ƙarewa.

Kada ku ce Allah bai nuna wa Darakta aya ba. Wata rana mai haɗa hoto ya kira shi ya ce, "Ranka ya daɗe, duba nan." Tsakiyar zanen lafiya lau, giwa ta fito tsaf. Amma gefe da gefe fari fat. Babu itatuwa, babu biran da ke lilo a reshe, wata barewa ma rabinta kawai aka zana. Ƙanen ya daina ganin gefe, bai kuma san ya bar wurin ba. Darakta ya gane sarai. Amma sai ya ce, "Yanke gefen, ka matso da giwar. Ai ita ake kallo."

Ya 'yan uwa, na gaji da ba da irin wannan labari, wallahi na gaji. Mutum ya ga rami da idonsa, ya sa tabarma ya rufe, ya ce a wuce. Me za ka ce masa?

Dajin ya yi ta tsukewa mako bayan mako, har ya zama giwa ce kaɗai a allo. Wata safiya ƙanen ya zauna a kujerarsa ya ce a kunna masa kwamfuta. A kunne take. A ranar aka kai shi asibiti a guje, likita ya duba ya ajiye fitilarsa, ya dubi Darakta ya girgiza kai.

Garin neman gira aka rasa ido, kuma ba idon mai neman ba.

Sai ga Darakta yana ɗaukar masu zane har da roƙo. Suka yi iya yinsu, amma yara ba a yi musu wayo. Suka ce wannan ba giwarsu ba ce. Gidan talabijin ya janye, jakunkuna suka yi ƙura a shaguna, ma'aikata suka zame ɗaya bayan ɗaya. Aka kwashe kwamfutoci, aka mayar wa mai gida makullinsa. Duk wannan da sauƙi. Mahaifiyarsu ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba. In ya durƙusa ya gaishe ta takan amsa, amma fuskarta na wajen bango. Cewa ta yi idon da ɗanta ya rasa ba za ta kalli wanda ya cinye shi da nata ba. A haka ta koma ga Allah.

Yanzu shi ke jan ƙanen nasa, shi ke miƙa masa takalmi. Wata la'asar ƙanen ya ce, "Yaya, sa mana fim na farkon, wanda giwar ta mutu. Ka riƙa gaya mini abin da ake nunawa."

Ya sa a waya, yana faɗa. Ga kogi, ga ƙanana suna tsallakewa, ga giwa ta tsaya. Ga babban mafarauci ya ɗaga bindiga. Sai ya lura da abin da bai taɓa lura ba, duk kallon da ya yi wa fim ɗin.

"Wai me ya sa ba a ganin fuskar mutumin nan? Kullum ta baya."

Ƙanen ya ɗan yi murmushi. "Na gwada, Yaya. Duk fuskar da na sa masa sai ta fito kamar ta ɗan gidanmu. Sai na ji kunya, na juyar da shi."

Darakta bai iya ƙarasa ba da labarin ba. Ƙanen ne ya laluba ya dafa kafaɗarsa, yana ce masa ya bari, abin ya wuce.

To, ya 'yan uwa, ga mutumin da ya koya wa 'ya'yan mutane sharrin haɗama, shi kuwa bai ji ba. Kowa a nan yana da wanda ke tsaye masa ba ya ƙorafi, ƙane ne, mata ce, ko yaron shago. Shirunsa ba ƙoshi ba ne. In ka ga gefen zanensa ya fara fari, kada ka ce a yanke, ka tsaya ka kai shi magani tun da sauran gani.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar masu yi mana kawaici, ya sa mu farga tun iyayenmu na iya kallon fuskarmu. Amin.