Tsintar Gyaɗar Malam Bukar

A Birni, cikin Damagaram, an yi wani mai sayar da gyaɗa, Malam Bukar. Mutumin kirki ne, sai dai Allah Ya zuba masa taurin kai da alfahari da cikinsa. Kowace Lahadi zai sayo buhuna a kasuwar Mirriya, ya zauna ya tsince su ƙwaya-ƙwaya. Mai kyau ta masu saye ce. Wadda ta yi fumfuna kuwa, mai ɗaci, matarsa Rahina yake miƙa wa ta yi masa ƙuli-ƙuli da kunu. Ita da 'ya'yanta ko ɗanɗanawa ba sa yi.

Wata shekara idanunsa suka yi rawaya. A lopital, wato asibiti, aka auna jininsa, likita ya ce ciwon hanta ne mai zama a jiki.

"Malam, hantarka ta riga ta gaji," in ji likitan. "Gyaɗa ko masara mai fumfuna guba ce gare ka, tana iya jawo maka ciwon daji. Ka bar ta, kuma ka riƙa dawowa awo."

Bukar ya dawo gida yana huci. "Ji min ɗan lakwal, yaron boko! Shekara talatin ina cin abata, yau zai koya min gyaɗa?"

"Malam, a zubar mana," in ji Rahina.

"A zubar da albarka? Ba a gidana ba. Wuta ai tana kashe komai."

Wuta ba ta kashe wannan. Bai koma awo ba, bai daina kunu ba. Bayan shekara huɗu cikin da yake taƙama da shi ya kumbura kamar tulu, wuyansa ya zama sili. Likitan nan dai ya duba hoton cikin, ya ce a kai shi gida a kula da shi.

Yana kwance ƙanensa Abdullahi ya zo dubiya, ya hango buhun tsinta a zaure.

"Yaya, tunda ba ka iya ci, bari in kai wa yara."

Bukar ya yunƙura da ƙyar. "Rahina, ƙone shi. Yanzu, ina gani."

Abdullahi ya fita yana faɗa wa maƙwabta ciwo ya mai da Yaya marowaci. Bukar yana ji, ba shi da numfashin musu. Kafin sabuwar gyaɗa ta shigo kasuwa aka kai shi makwanci.

To, mai karatu, na san halinka: za ka yaba daɗin bakina, wanda dama ba ya buƙatar yabo, ka watsar da darasin. Ga shi nan dai. Abinci mai fumfuna ba na kowa ba ne, balle mai ciwon hanta. Tattalin da zai ci ranka ba tattali ba ne. Ka zubar, ka ji maganar likita, ka koma awo tun ƙafarka tana kai ka.