Makullin Ƙofar Ciki

Yabo ya tabbata ga Allah, Wanda Yake ɓoye bayinsa na gari a cikin jama'a kamar gishiri a miya. Daga cikinsu akwai Shehinmu, malami masani, ma'abocin tsantseni da zuhudu, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda bai taɓa raina majalisi ba, har yakan taka da ƙafarsa zuwa gidan yari ya karantar da ɗaurarru da masu tsaronsu a kan tabarma ɗaya. A can wannan karama ta bayyana, a gaban wani tsohon gandiroba da ake ce wa Dogo, wanda har yau ba ya kai ƙarshen labarin sai idonsa ya kawo ruwa.

Dogo ba shi da kowa a garin. Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse neman abinci. Abokinsa ɗaya ne tak, mai tsaron ƙofar ciki, wanda suka yi shekara da shekaru suna karɓar juna aiki. Ƙa'idar gidan ita ce, makulli ba a ajiye shi a tebur, ba a ba da saƙonsa, sai mai karɓar aiki ya ƙame ya ce, "Na zo karɓa," a sa masa a tafin hannu. Kowa ya yi wa ƙa'idar nan sassauci ban da wannan bawan Allah, shi ya sa ake kiransa Sarkin Doka. Dogo kan tsokane shi ya ce, "Kai ko mutuwa ce ta zo, sai ka sa ta ƙame." Shi kuwa ya amsa, "Ai ba ita ke karɓata aiki ba, kai ne."

Wata safiya, Dogo yana hanya bai iso ba, 'yan bindiga suka fasa ƙofar waje don su fitar da mutanensu, suka kashe gandirobobin da suka tare su. Sarkin Doka ya ƙi buɗe ƙofar ciki, suka harbe shi, suka yi ta kokawa da hannunsa su ƙwace makullin, abu ya gagara, har ɗauki ya iso suka gudu.

Da azahar aka sassauta tuta, aka jera makara a filin fareti, kowace da hular mai ita a kai, dangi na kuka a gefe. Ta Sarkin Doka ce kawai babu kowa a ciki, domin masu wanka sun yi iya yinsu hannun ya ƙi buɗewa. Shugaban gidan ya ce makullin kurkuku ba ya fita ƙofa, balle ya shiga kabari, likita kuma ya ce ba dabara sai a karya yatsun. Danginsa na nesa, ba wanda ya iso. Dogo kaɗai ke zaune a ɗan ɗakin shan magani, ya tare gawar da jikinsa, kaɗaici ya danne masa ƙirji, ba shi da ikon hanawa kuma ba zai iya kallo ba.

Ana haka Shehi, Allah Ya ji ƙansa da rahama, ya iso don sallar jana'iza. Da aka ba shi labari sai ya shiga ɗakin a natse, ya daɗe yana duban hannun, leɓɓansa na motsi da ambaton Allah, sa'an nan ya ce, "Kada ku karya hannun da ya riƙe amana. Wa ke karɓarsa aiki?"

Dogo ya ce, "Ni ne, Allah gafarta Malam."

"To mutumin nan yana bakin aiki har yanzu. Sallame shi yadda kuka saba."

Dogo ya miƙe, ya gyara hularsa, ya ƙame, ya sara. Sa'an nan ya ce: "Na zo karɓa." Shehi ya ɗora yatsa a wuyan hannun ya yi bisimilla, sai ga yatsun nan da suka gagari 'yan bindiga da masu wanka suna saki ɗaya bayan ɗaya, makullin ya sauka a tafin Dogo da ɗuminsa. Shugaban gidan ya cire hula ya sunkuyar da kai, Shehi kuwa ya fita ya ja sahu, aka sallace su gaba ɗaya.

Dogo ya koma ƙofar ciki, kuma tun daga ranar bai sake ajiye makulli a tebur ba. Yanzu shi sababbin ma'aikata ke tsokana da Sarkin Doka, sai ya yi murmushi ya kau da kai, don ya san sunan yana da mai shi.

Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya girmama Shehinmu da wannan baiwa. Ya Allah, Ka jiƙan waɗanda suka faɗi a bakin ƙofarsu, Ka yayyafa mana albarkar Shehi, kuma ranar da za a zo karɓar mu aiki, Ka sa a tarar da amana tana hannunmu. Amin.