Abincin Da Ba A Ɗanɗanawa

A wani zamani da ya shuɗe, can a ƙasar Hindu, an yi wani sarki wanda tsoro ya hana shi jin daɗin mulki. Guba ce ta kashe ubansa, ita ta kashe wansa, kuma har ya hau gado ba a gano hannun da ya zuba ta ba. To, wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Sarki ya sa aka yi shela cewa ko ruwa ba zai shiga bakinsa ba sai wani bawansa ya fara ɗanɗanawa.

Doka ta zauna ko'ina, ban da wuri guda. A tsakiyar birnin Sarki akwai ɗakin bautar mutanen ƙasar, mai hidimarsa kuwa wani dattijo ne da ake kira Kesawa. Mutanen nan, kowa da kiwon da ya karɓe shi, suna riƙon abin bautarsu ne kamar babban baƙo a gida. Da asuba Kesawa zai tashe shi da waƙa, ya yi wa siffarsa wanka, ya sa mata tufafi da furanni, ya kewaya ta da fitila. Da hantsi ya dafa shinkafa da madara da zuma, ya shiga bayan labule ya miƙa, sannan ya kaɗa ƙararrawa, alamar an karɓa. In ya fito da abincin ya zama tabarruki, Sarki ne ke fara karɓa a tafin hannu, sannan talakawa. Tun daga tukunya har hannun Sarki kuwa, harshen ɗan Adam ba ya taɓa shi.

Sarki ya aika aka kira Kesawa fada, ya ce, "Baba, ka ji dokata. Bawana zai ɗanɗana abincin kafin ka shiga da shi."

Kesawa ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda kake ƙauna ba ka ba shi ragowarka. Abin da baki ya taɓa ya zama saura."

"To, ya ɗanɗana bayan ka fito."

"Bayan na fito ai ba nawa ba ne, kyauta ce daga hannun Ubangijina. Mai gwada kyauta, mai kyautar yake tuhuma. Abin da muke koyo ke nan kullum a bakin labulen nan, ranka ya daɗe, mu bayar ba mu rage ba, mu karɓa ba mu bincika ba."

Fuskar Sarki ta murtuke. Sai ga Waziri Durjaya ya gyara zama, ya ce da murya mai laushi, "Zaki, gaskiya dattijon nan ya faɗa. In Sarki ya tuhumi tabarruki, wa zai amince da shi? Ni kaina zan ba da zumar gobe, kuma in sa dogaraina su tsare madafa, don hankalin Sarki ya kwanta."

Kesawa ya dubi Waziri. Wazirin nan rabonsa da taka ƙofar ɗakin bauta har an manta, yau kuma shi ne lauyan ibada? Ruwa ba ya tsami banza.

Sarki ya ce, "Na yarda. Amma Baba, ko ciwon ciki na yi, kanka ne zai biya, kuma a toshe ƙofar ɗakin nan har abada."

Kashegari aka kawo tulun zuma, dogarai na biye. Kesawa ya saba da fitinar kiyashi a kan zuma, kullum sai ya share su a hankali da gashin tsuntsu don kada ya kashe ko ɗaya. Da ya duƙa zai ɗebo, sai ya ga yau ba ya bukatar sharewa. Ga su nan birjik a bakin tulun, sun nannaɗe, babu mai motsi.

Nan take ya gane akwai guba a zumar. Ya ɗaga kai, ya ga babban dogari ya kafe shi da ido, hannu a kan takobi.

Dogarin ya ce, "Waziri ya ce a zuba duka, Baba."

Gaba kura, baya sayaki. In ya yi magana a nan, ba zai kai bakin ƙofa da rai ba, wani kuma zai kai abincin. In ya yi shiru, Sarki ya mutu, shi ma ya bi shi, ɗaki ya rufe. Amma abin da ya fi ci masa zuciya daban ne: hannun da ya tsufa yana miƙa wa Ubangijinsa abinci, yau shi zai miƙa masa guba? Ya zuba zumar, ya dafa, ya ɗauki faranti yana tafe kamar mai kai gawa.

Jama'a sun cika haraba, Sarki na gaba, Waziri na damansa, makaɗa na ta kiɗa. Kesawa ya shiga, ya ja labule. Ya ajiye farantin can a bayansa, ya durƙusa da ruwa a tafin hannu da ganye guda, hawaye na zuba. Ya ce, "Ka gafarce ni, yau wannan kaɗai gare ni mai tsarki."

Mutane na waje suna jiran ƙararrawa, ba ta kaɗa ba. Makaɗa suka dinga sassautawa har suka bari. Tsofaffi suka fara duban juna, don ko a bakin kakanni ba su taɓa jin ranar da ƙararrawar nan ta yi shiru ba.

Labule ya buɗe. Sarki ya miƙa tafin hannu, Kesawa ya wuce shi da farantin.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba tabarruki ba ne, ban miƙa shi ba. Zuciyata ta ƙi zumar da ke ciki. Abin da ba a miƙa ba kuwa abinci ne kawai, ana iya ɗanɗana shi."

Bawan Sarki ya matso zai ɗanɗana. Kesawa ya tare shi da hannu, ya ce, "Ran wannan ma rai ne. Kyautar da ba ta shiga ba, ai mai ita take komawa." Ya durƙusa a gaban Waziri, ya ɗaga farantin.

Waziri ya yi dariyar yaƙe, ya ce, "Tsufa ya taɓa dattijon nan, Zaki. Ni kuma yau azumi nake."

Sarki ya dube shi, ya ce, "Na yafe maka azumin, Waziri. Zumarka ce, dogaranka suka tsare ta. Loma guda."

Waziri ya kai hannu, hannu ya ƙi. Zufa ta karyo masa har tana ɗiga daga gemu. Ya dubi dogaransa, kowanne ya sunkuyar da kai. Sai ya zube a ƙasa yana neman afuwa, tun ba a tambaye shi laifinsa ba.

Sarki ya ce a hankali, "Ubana ma yana son zuma." Ya juya ga fadawa. "Kada wanda ya taɓa shi. A kulle shi tare da farantin nan, kada a kai masa wani abinci. In da gaskiyarsa, zai ƙoshi."

Aka fita da Waziri, ba a sake ganinsa a birnin ba. Sarki ya kama hannun Kesawa ya ɗaga shi, ya ce, "Baba, ka fanshi raina. Roƙi abin da kake so, ko wazircin ne."

Kesawa bai ko dube shi ba, idonsa na kan labule. Tsoron mutuwa ya sake shi, abin da ya rage masa kunya ce da tausayi.

Ya ce, "Shinkafa tafi guda, ranka ya daɗe, da sabuwar tukunya. A gaggauta. Rana ta take, Ubangijina bai ci komai ba."