Jar Karsanar Shekarau da Ruwan Tafki

Ku gyara zama, yau akwai gardama, kuma ba mai tashi sai ya faɗi ra'ayinsa.

A wani ƙauye an yi wani manomi, Shekarau, mutum mai taurin kan tsiya. Damina uku a jere kurkunu yana kwantar da shi daidai lokacin shuka, ƙafa ta kumbura, ciyawa ta cinye gona. Kafin ta huɗu ya leƙa rumbu ya hango ƙasansa, sai tsoro ya kama shi, don ya san in aka ƙara ɗaya gidansa zai watse. Ya kira 'ya'yansa uku, ya ce duk wanda ya raba shi da ciwon nan, jar karsanarsa ta zama tasa.

Babbansu, Barau, ya ce ruwan tafki ne. Tsoho ya harare shi ya ce, "Ruwan da kakana ya sha har ya shekara casa'in?" Barau bai ja da shi ba. Ya wanke kwalba fes, ya cika ta daga randa, ya ɗaga ta saitin rana. Sai ga wasu mitsi-mitsin ƙwari suna tsalle a ciki. Shekara sittin Shekarau yana leƙa randa, duhunta bai taɓa nuna masa komai ba. Ya riƙe baki ya ce, "Abin da nake sha ke nan?" Ya yarda nan take, amma yarda ba ta fitar da ƙwaro ko ɗaya ba.

Mai bi masa, Lantana, maginiyar tukwane ce. Ta cuɗa yumɓu da ƙaiƙayin shinkafa, ta gina tukunya ta gasa. Ƙaiƙayin ya ƙone, ya bar ƙofofin da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ɗis-ɗis, ƙwarin na maƙalewa a ciki. Sai dai a tsohuwar randa ake tarawa, ita kuwa ta tsotse rabi, sauran kowa ya tsoma masa moɗar da aka je tafki da ita.

Autansu, Ɗanlami, ya taka yini biyu zuwa birni, ya dawo ɗauke da tulun tangaran mai sheƙi, mai ƙaramin baki. Ba ya shan ruwa, yana wankuwa tas, moɗa kuma ba ta shiga, dole a tsiyaya. Aka koma tara tataccen ruwan a cikinsa.

Damina ta zagayo. Kullum da safe Shekarau sai ya shafa ƙafarsa, yana neman kumburi. Shiru. Shi ya riga kowa shuka a ƙauyen, ya tsaya a tsakiyar gona yana hawayen murna, yana ɗora wa zufa laifi.

Yanzu ga shi nan riƙe da igiya, 'ya'ya uku a gabansa, karsana ɗaya tal. To, jama'a, wa zai miƙa wa: wanda ya nuna, wadda ta tace, ko wanda ya adana?