Manomin da Ya Zuba wa Motarsa Man Maƙwabci

A wani ƙauye an yi wani manomin tumatir wanda ya daɗe yana ɗaukar kayansa a ka zuwa bakin titi. Da Allah ya buɗa masa, sai ya sayi mota ta hannu, irin wadda take sauya giya da kanta. Ya yi murna ƙwarai, kullum da safe sai ya goge ta.

Da lokacin sauya man giya ya yi, ya tafi shago ya tarar da galan iri-iri a jere, duka man da ke cikinsu ja ne. Ya rasa wanda zai ɗauka, ya koma gida hannu wofi.

Maƙwabcinsa kuwa yana da mota wadda ba ta taɓa ba shi wahala ba. Da ya ji damuwar manomin sai ya ce, "Haba ɗan'uwa, ga ragowar nawa. Shi nake zubawa shekara da shekaru." Manomin ya karɓa da godiya, ya zuba, hankalinsa ya kwanta.

Da fari lafiya lau. Amma ranar kasuwa, ya cika motar da kwandunan tumatir, yana cikin hawan tudu sai injin ya yi ta kuka, motar kuwa ta ƙi gaba. Ya zauna a gefen hanya, rana tana dukan tumatir ɗin, yana kallon wahalarsa ta shekara tana yin ruwa.

Aka kira makaniki. Ya zaro ƙarfen awon man, ya goge shi, ya nuna wa manomin ɗan rubutun da yake jikinsa.

"Baba, wanda ya ƙera ta ya rubuta irin man da take sha. Ga shi nan."

"To, wanda na zuba jabu ne?"

"A'a, mai kyau ne. Ba nata ba ne kawai."

Aka tsiyaye man, aka zuba nata. Motar ta tashi, amma kasuwar ranar ta riga ta watse.

Ga abin da misalin nan yake nufi. Motar ita ce rayuwarka, wanda ya ƙera ta kuwa shi ne Ubangiji. Maƙwabcin ba mugu ba ne, da zuciya ɗaya ya bayar. Haka muke yi a cikin ikkilisiya. Wata ta ga 'yar'uwarta tana jan waƙa, sai ta bar gaishe da marasa lafiya, aikin da Allah ya ba ta, ta bi waƙa. Wani yakan tafiyar da gidansa yadda abokinsa yake yi, bai taɓa durƙusawa ya tambayi Ubangiji ba. A hanya mai laushi ba a gane kuskuren, sai an kai tudu da kaya.

Ku ji shawarar 'yan'uwa, ku gode musu. Amma kafin ku zuba ta a rayuwarku, ku kai ta gaban wanda ya yi ku, cikin addu'a da karatun Maganarsa. Shi ne ya san abin da ya sa a cikinku.