Gizo da Carbin Surukinsa

"Kai Tanimu, sakar min carbi, ba igiyar lilo ba ce. Yawwa. Ai kai ka tuna min da ta yau. To a matso. Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina."

"Ta zo mu ji ta, Kaka, kunnuwanmu a buɗe."

Wata rana Gizo ya raka matarsa Ƙoƙi gidansu, gaida mahaifinta Malam Gyare.

"Kaka, yaya za a yi Gyare ya haifi Ƙoƙi?"

"Ke Larai, ke kika yi wankan jegon? Ni da aka yi a gabana na ce miki ubanta ne. Rufe baki."

Malam Gyare tsoho ne tukuf, idanunsa sun daɗe da rufewa. Abin da ya fi so a duniya carbinsa, baƙi wuluk, 'ya'yansa sun yi santsi don shekara arba'in yana hannu. Saura kwana bakwai ya bi ayari zuwa Makka, tafiyar da ya yi shekara da shekaru yana shiri.

Tsoho ya rataye carbin a reshen bishiyar tsakar gida, ya zagaya alwala. Gizo ya dubi carbi, carbi yana reto.

"Ƙoƙi, kin taɓa ganin irin lilon da na iya?"

"Maigida, gidan surukai ne fa."

"Ai shi ya sa. Su san irin mijin da kika aura."

Ya yi tsalle ya cafke. Lilo ɗaya, lilo biyu, a na uku zare ya ce tas! Gizo ya faɗo tim. 'Ya'yan carbi suka warwatse, rabi suka gangara rijiya, sauran kuma kaji suka tsince su tas.

Malam Gyare ya dawo yana laluben reshe. "Wa ya taɓa min carbi?"

Gizo ya durƙusa. "Baba, iska ce."

"Iska mai ƙafa takwas," in ji Ƙoƙi.

Tsoho bai yi faɗa ba. Zama ya yi a kan buzunsa ya ce, "Ni ba ido gare ni ba. Da carbin nan nake sanin inda na tsaya a tasbihi. Ba zan kama hanyar Makka da hannu wofi ba. In ayari ya tashi ban da carbi, bana na zauna. Baɗi kuwa sai wanda ya gani."

Ƙoƙi ta kwance ƙunshinta ta ajiye. "Ni ma na zauna. Sai ranar da na ga carbi a hannun Baba zan koma ɗakina. Ka je ka tuƙa tuwonka."

Gizo ya miƙe ya bugi ƙirji. "Carbi? Wannan ɗan abin? Ni da nake saƙa tun kafin in yi haƙori! Baba, zan yi maka carbin da mutanen Makka za su bar cinikinsu su zo kallo."

A garin nan kaf mai yin carbi ɗaya ne, Malam Kunkuru, kuma carbi guda sai ya ci masa wata uku. Ƙoƙi ta ce, "Ka je ka roƙe shi ya koya maka. Kai da hannu takwas, kwana bakwai ya ishe ka."

"Ni in durƙusa wa wanda ke kwana biyu tsakanin ɗaki da zaure? Leƙe ɗaya zan yi in ɗauke sana'ar gaba ɗaya."

Da safe Gizo ya hau tsamiyar gidan Kunkuru, ya sako zarensa ya yi reto a sama. Ya hango Kunkuru yana zura wani abu kamar magarya a zare.

"Shi ke nan? Na gane!"

Ya ruga daji, ya kaɗo magarya nunanna, ya soke ta gefe da ƙaya, ya zura a zaren cikinsa. Kun san zaren Gizo, danƙo ne zalla. Kafin azahar ya iso da carbi ja jawur, yana taku ɗai-ɗai.

"Baba, ga shi. Ko a mafarki ba ka taɓa riƙe irinsa ba."

Tsoho ya ce bismilla, ya ja ɗa ɗaya. Yatsa ya manne. Ya sa ɗaya hannun ya ɓamɓare, shi ma ya manne. Ya kai kusa da hanci ya sansana, gemu ya manne. Ƙudaje suka yi caa. Sai ga Akuyar gidan ta matso, ta lanƙwame carbin nan ɗaya bayan ɗaya, ta lashe har gemun.

"Malam, Allah ya karɓa," in ji Akuya. "Gobe a ƙaro mana irinsa."

Ƙoƙi ta ce, "Saura kwana shida."

Gizo ya koma kan tsamiya. Wannan karon ya ɗan jima. Ya ga ashe ƙwallon magarya ne busasshe, ba ɗanyen ɗa ba. Ya ga Kunkuru yana goga shi a dutse har ya yi sumul, ya sa tsinken ƙarfe a wuta ya huda, ya zura a zaren auduga.

"Af! Yanzu kam na gane!"

Ya tara ƙwallaye kwando guda. Hannu biyu na guga, biyu na hura wuta, biyu na huda, biyu na zurawa. Bai ƙirga ba. Ya ce shi ba ya ƙaramin aiki, na Kunkuru na yara ne. Ya zura, ya zura, har zare ya ƙare, ya haɗa baki da baki ya ƙulle. Sai da ya naɗe shi a kafaɗa kamar igiyar guga sannan ya iya ɗauka.

Malam Gyare ya idar da azahar, ya karɓa ya fara ja. Ya ja, ya ja, ya ja. Inuwa ta juya yana ja. Kaji suka yi barci suka farka yana ja. Aka kira la'asar, muryar tsoho ta dushe.

"Gizo, ina ƙarshen carbin nan?"

"Baba, ai kyansa ke nan. Carbina ba shi da ƙarshe."

"Ina shaida? Ina liman?"

"Liman yana masallaci, Baba."

Ku dubi nawa ku gani. Talatin da uku, sai wannan ɗan faffaɗan, shi ne shaida, in yatsa ya same shi ya san kashi ɗaya ya cika. Talatin da uku kuma, sai wani shaidan. Talatin da uku na ƙarshe, sai wannan dogon da bakin zare biyu suka haɗu a cikinsa, shi ne liman, daga shi ake tashi, a shi ake sauka. Na Gizo babu ko ɗaya. Tsoho makaho ya zagaya shi sau huɗu bai sani ba.

Ƙoƙi ta ce, "Saura kwana uku."

Gizo ya sake hawa tsamiya. Ya kwanta a reshe ya ƙirga tare da Kunkuru, ya ga shaida, ya ga liman da aka sassaƙa da icen kanya. Kunkuru ya zo ƙullewa ke nan Gizo ya ce, "Ƙulli kuma ni za a koya wa?" Ya diro ya tafi.

Wannan karon ya yi aiki, a faɗi gaskiya. Tis'in da tara cif, shaida biyu, liman guda. Da ya zo ƙulli ya tuna yadda na farko ya tsinke, ya ce wannan ko giwa ta yi lilo ba zai saki ba. Ya tokare da ƙafa huɗu, ya ja da huɗu, ya matse 'ya'yan nan tam, ya ƙulle. Carbi ya sandare ya tsaya ƙyam.

Malam Gyare ya shafa shi. Ya samu shaida, ya samu liman, fuskarsa ta fara saki. Ya tura ɗa na farko da babban yatsa. Bai motsa ba. Ya sake turawa. Ko gezau. Ya sa ƙarfi har farce ya lanƙwashe.

Ƙoƙi ta karɓa ta ɗora a ka. "Maigida, gammo ka kawo mana? Bari in ɗauko tulu."

Ba wanda ya yi dariya, har Akuya. Tsoho ya juya ya ce, "Ƙoƙi, aika a gaya wa madugu ya ba wani gurbina. Gobe su tafi, Allah ya kiyaye hanya."

Gizo ya fito, kai a ƙasa. A bakin kasuwa ana ɗaure wa jakuna kaya, matafiya na ban kwana da dangi. Ya isa gida, murhu sanyi ƙalau. Ya zauna ya juya gammon nan, ya duba sama, ya duba ƙasa. Lissafi daidai, guga daidai, huda daidai. To mene ne bai gani ba?

Ya tashi ya nufi gidan Kunkuru. Ya wuce gindin tsamiya bai ko ɗaga kai ba. Ya tsaya a ƙofar zaure, ya tuɓe takalmansa takwas, ya yi sallama.

"Wa alaikumus salam. A'a, Gizo! Yau ta ƙofa? Na zaci reshe kaɗai ka sani."

"Allah gafarta Malam, ashe kana ganina?"

"Kwana uku inuwarka tana tare min haske."

Gizo ya durƙusa ya ajiye carbin. "Malam, ban iya ba. Koya min. In ba haka ba surukina ba zai ga Makka ba, kuma ni na jawo."

Kunkuru ya sa wuƙa ya yanke zaren, ya zube 'ya'yan a faifai, ya bi su ɗaya-ɗaya. "Gugar nan ta yi. Wa ya goga?"

"Ni."

"Hannunka ya fi bakinka hankali. To zauna. Bakin hudar nan da kaifi, zai ci zare tun kafin a ƙetare kogin farko. Shafe shi. Ka mulke su da man kaɗe. Zaren kuma ba silli ɗaya ba, uku ake murzawa a goge da kakin zuma. Je ka roƙi matarka, ba mai kaɗi kamarta a garin nan."

Gizo ya je ya roƙa. Ƙoƙi ta harare shi sama da ƙasa, sannan ta miƙo masa zaren da ta riga ta kaɗa tun shekaranjiya.

Yini guda hannu takwas suna aiki, baki ɗaya a rufe. Rana ta yi ja aka zo ƙulli. Gizo ya ɗaga ƙafa zai tokare, Kunkuru ya buge ta.

"Tsaya. Ga abin da ka bari."

Ya sa yatsa biyu tsakanin ɗan ƙarshe da liman, ya ce, "Yanzu ƙulle." Gizo ya ƙulle. Kunkuru ya zare yatsunsa, sai ga ɗan fili, zare tsirara.

"Malam, ai nan ba komai."

"Shi ya sa ba a hango shi daga kan tsamiya. Ɗan carbi sai da wurin matsawa. In ka ja ɗaya ya sauka nan, ya bar wa na bayansa wuri. Ka hana su filin nan, ka yi gammo."

Gari ya waye, ayari ya jeru a ƙofar gari. Malam Gyare yana zaune a zaure, hannuwa bisa gwiwa. Gizo ya shigo, ya sa masa carbi a tafin hannu.

Tsoho ya tura na farko. Ƙas. Na biyu, ƙas. Ƙas, ƙas, ƙas, har shaida. Ya wuce har shaida na biyu. Ya sauka a kan liman, ya damƙe tuntun da Ƙoƙi ta tufka masa, ya miƙe tsaye zumbur kamar saurayi.

"A ɗaure min jakina! A tsayar da madugu! Wa ya yi carbin nan?"

Gizo ya cika ƙirji. "Ni ka..."

Ƙoƙi ta yi gyaran murya.

"Ni na yi, Baba. Malam Kunkuru ya koya min. Zaren na Ƙoƙi ne."

"Allah ya yi muku albarka, ku ukun."

Bayan shekara biyu cur Alhaji Gyare ya dawo, takalmi ya cinye, jaki ya rame, carbi kuwa ko zare ɗaya bai tashi ba, sai ƙyalli da ya ƙara. Ranar nan Gizo ya zagaye kasuwa sau bakwai yana cewa, "Aikin hannuna ya je Makka ya dawo! Naka ina ya je?" Kuma a karo na farko tun da aka haife shi, ba wanda ya iya ce masa ƙarya ne. Ƙoƙi tana biye da shi tana guɗa.

Har yau bai bar gwaji ba. In kun tashi da sassafe ku dubi saƙarsa a jikin danga, za ku ga ya jera raɓa a zare ɗaya bayan ɗaya, kowace da ɗan fili tsakaninta da 'yar'uwarta.

"Kaka, naki wa ya yi?"

"Ni mana, Tanimu. Sa yatsunka nan ka ji. Biyu cif. Duk unguwar nan a kawo wanda ya kai shi sulɓi, in ba ku goro."

To ku riƙe wannan. Duk wanda ya leƙi sana'a daga nesa, abin da ake yi kaɗai zai gani, ba zai ga abin da ake bari ba. Ku shiga ta ƙofa, ku yi sallama, ku ce ban iya ba a koya min. In kun iya, sai ku yi alfaharinku da hujja, amma ku ambaci wanda ya koya muku.

Ƙungurus kan ƙusu. In da ƙarya a ciki, Gizo ne ya zura ta a zaren, ni ƙulli kawai na yi.