Yadda Hankaka Ya Rufe Bakin Rariya

An yi wata tsohuwar tsamiya ɗan nesa da rafi, tsuntsaye sun cika ta da sheƙa. Abin da ya hana su sakat shi ne Kumurci, maciji mai son ƙwai kamar ransa. Saboda shi suka kafa wata na'ura a gindin bishiyar, suna kiranta Mai-gadi. Da zarar maciji ya taɓa itacen sai ta kwarma ihu, iyaye su baro kiwo su dawo.

Duk lokacin da aka taɓa manhajar da ke cikin Mai-gadi, sai an gwada ta da wata manhaja mai suna Rariya. Rariya ba ta kowa ba ce. Dabbobi da yawa suka haɗu suka rubuta ta, cikinta a buɗe yake, mai so ya kwafa, ya karanta, ya gyara. Aikinta shi ne ta yi wa Mai-gadi gwaje-gwaje. In komai lafiya ta kunna koriyar fitila, in da matsala ta kunna ja.

Wata rana, ana tsakiyar lokacin kwanci, tsohuwar kwamfutarsu ta mutu. Sabuwar da aka kawo kuwa ba ta jin tsohon yaren kwamfuta, sai sabon zubinsa. An lallaɓa an juya Mai-gadi zuwa sabon yaren, amma babu mai gwada ta, domin Rariya tana nan a tsohon. Tsuntsaye suka ƙi barin ƙwansu, yunwa ta fara cin su a kan sheƙa.

Aka ɗora aikin juya Rariya a kan mutum biyu: Bushiya, tsohuwa mai tsantseni da kaifin baki, da Hankaka, gwani ne ba laifi, sai dai girman kai ya yi masa katutu.

"Layi-layi za mu bi," in ji Bushiya. "Duk gwajin da muka juya, mu tabbatar yana aiki."

"Haba Iya, kafin ki gama 'ya'yanmu sun yi jikoki," in ji Hankaka. "Ki bar mini, kafin la'asar na gama."

Ya janye kwamfutar gabansa ya hau bugawa da baki. Yawancin gwaje-gwajen suka juyu cikin sauƙi. Amma wasu suka ƙi, musamman waɗanda ke duba ko Mai-gadi tana jin jan cikin maciji. Duk yadda ya murɗa su, ja fitilar take kawowa.

Ya waiga, ya ga Bushiya ta tafi shan ruwa. Sai ya rubuta a kan kowane gwaji mai gardama cewa a tsallake shi. Nan take fitila ta koma koriya shar. Bai tsaya nan ba, ya hau can sama inda sunayen marubuta suke, ya sa nasa a gaban na kowa. Ba a banza ake masa kirari da mai da ɗan wani naka ba.

"Ku fito ku yi kiwo, an gama," ya yi shela daga ƙololuwar tsamiya.

Kurciya, wadda ke kwanci na farko a rayuwarta, ta leƙo daga sheƙarta. "Malam Hankaka, ka tabbata? Ƙwaina ke nan, ba ni da wasu."

"Idonki bai ga kore ba ne?"

Bushiya ta dawo ta dubi fitilar, ta dubi Hankaka. "Da wuri haka? To mu ba ta ruɓaɓɓe mu gani."

"Ruɓaɓɓen me?"

"Mu lalata kwafin Mai-gadi da gangan, mu miƙa wa Rariya. In ta yi ja, mun san idonta biyu."

Hankaka ya kumbura. "Wato ni za ki tuhuma a gaban jama'a? Hassada ce ke damunki, don kin ga sunana a sama."

"Sunanka ya hau har gajimare, bai dame ni ba. Ƙwan mutane nake ji."

"Ba mai taɓa mini aiki," in ji shi, ya shimfiɗa fiffike ya rufe kwamfutar.

Yunwa ba ta jiran gardama. Washegari da hantsi tsuntsaye suka watse kiwo. Hankaka ya matsa wa matarsa sai ta bar sheƙa ta raka shi bakin rafi, inda zai ba agwagi labarin bajintarsa. Ta yi ta waiwayen ƙwanta, shi kuwa yana cewa kada ta kunyata shi. Kurciya kaɗai ta zauna, domin zuciyarta ta ƙi kwanciya.

Abin da Hankaka ya manta shi ne, Rariya a buɗe take ga kowa. Bushiya ta kwafe ta a raminta, ta toshe kunnen wani kwafin Mai-gadi gaba ɗaya, ta miƙa mata. Fitila ta kawo kore. Ta buɗe cikin manhajar, sai ga "a tsallake" an jera su reras.

Ta fito da gudu. Amma ina gudun bushiya? Tana tafe tana haki, tana hango tsamiya, sai ta ga wani baƙin abu yana naɗe gindinta a hankali. Kumurci ne. Ya bi ta jikin Mai-gadi ya wuce, na'urar ko tari ba ta yi ba.

"Kurciya, ki yi kuka," Bushiya ta ɗaga murya iya ƙarfinta. "Maciji ya hau."

Kurciya ta ga kan macijin yana tahowa. Amma ba ta tashi daga ƙwanta ba. Ta yi ta kuka tana dukan reshe da fiffike. Kumurci ya tsaya yana kaɗa harshe. Ga sheƙa mai hayaniya, ga kuma wata babba a gefe, shiru, ba kowa a kanta. Ya juya ya nufi babbar.

Kafin kukan ya kai bakin rafi, kafin tsuntsaye su taso su yi wa macijin rubdugu ya sulale, aikin gama ya gama. Matar Hankaka ta sauka a sheƙarta ta tarar da ita wayam. Ta dubi mijinta kawai, shi kuwa ya kasa ɗaga kai. Ni kaina da nake ba da labarin, na ji tausayinta.

Da yamma Hankaka ya sauko gaban Bushiya, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Iya, ki zo mu cire abin da na rubuta."

Suka goge "a tsallake" ɗaya bayan ɗaya. Fitila ta yi jawur, ta nuna ainihin layin da ya sa Mai-gadi ta kurumce. Ɗan ƙaramin kuskure ne, kafin rana ta faɗi sun gyara shi. Hankaka ya daɗe yana kallon layin nan, sannan ya ce, "Jiya Rariya ta faɗa mini, ni na rufe mata baki."

Darasin wannan labari shi ne, mai gaya maka aibin aikinka ba maƙiyinka ba ne. In ka rufe masa baki don a yabe ka, aibin yana nan bai tafi ba, kuma sau da yawa ƙofarka zai fara ƙwanƙwasawa.